Kwanon Inna a Kan Na'urar Kifina

Jama'a, yau na kama mai yanke mani sabis kwana huɗu!

Kun san 'yar na'urar da na haɗa a tankin kifina a bayan gidanmu nan Yelwa, mai nuna mani a waya ko injin ruwa na aiki. Kullum da hantsi sai shafinta ya mutu, da la'asar ya dawo da kansa. Jiya injin ya tsaya ban sani ba, saura kaɗan 'ya'yan tarwaɗana su ƙare! Na sake mata tsari, na canza caja, duk a banza.

Yau na fasa zuwa kasuwa, na laɓe bayan darbejiya. Sai ga Inna da ƙaton kwanon silba, ta kife shi a kan na'urar!

Na fito da gudu. "Inna! Ƙarfe na tare sabis!"

Ta ce, "Rana na dukan abin nan tun safe. Kai in an aje ka nan, ka iya aiki?"

Na taɓa na'urar, wallahi kamar garwashi!

Muka cire kwanon, muka ɗora wa na'urar malafar Baba, shafi ya tsaya daram. Yanzu haka Baba na tsakar gida yana tambayar wa ya ɗauke mashi malafa.