Jan Ruwan da ke Firij ɗin Kawu

Jiya a Ƙofar Kaura rana ta ratsa gorar zoɓon wata mai talla, jan ya haska, sai Kawu ya faɗo mini a rai, takaicin kuma ya dawo sabo fil.

Malamin kimiyya ne, yana da wata kwalba mai jan ruwa da yake ɓoyo a firij. Shekarar da soja suka miƙa mulki ya kira ni tsakar gida, ya ɗaga ta saitin rana.

"Ɗiyata, mi kika gani?"

"Zoɓo, Kawu."

Ya yi dariya. "Ƙwayoyin zinariya ne, ƙanana ƙwarai, ido bai ganinsu."

Ya tsiyaya kaɗan a kofi, ya barbaɗa gishiri, ruwan ya rikiɗe shuɗi a gabana. Ya ce wata rana za a riƙa amfani da haske wajen saita ƙwayoyin nan, ɗigon ruwan rijiya kaɗai ya isa su nuna ko akwai cuta a ciki. Ni da nake jinyar yara masu amai da gudawa a asibiti, maganar ta zauna mini daram.

'Yan siyasa suka yi ta yi masa alkawarin ɗakin gwaji, har ya rasu ko bulo ɗaya bai gani ba. Ranar sadakar uku, masu girki suka nemi wurin sa fura a firij. Wata ta ɗauko kwalbar, ta ce zoɓon ya kwana biyu, ta tuttular a kwata. Ina ɗaki ina karɓar gaisuwa.

Har yau ban ƙara shan zoɓo ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya kawo wanda zai sake haɗa ruwan nan, Ya sa kafin lokacin mun koyi tambaya kafin mu zubar.