Na Yi Shiru Ana Zargin Matata

Lokacin da na sauka Doha aikin gadi, ango ne ni, ko wata biyar ban cika ba. Matata bazawara ce, kuma tun kafin a ɗaura aure ta gaya mini tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ta samu a gidan mijinta na farko. Tana shan magani, likita ya yi mana bayani, na ji na gani na ce ina so. Muka bar maganar tsakaninmu, ko mahaifiyata ba ta sani ba.

Sai korona ta rufe hanya, hutun da na ci buri a kai ya bi ruwa. A ɗakinmu na unguwar Mansura mu shida ne, don haka a kan matakalar bene nake zama in kira ta, ta riƙa tsokanata wai shinkafar Larabawa ta hana ni kewarta. Wallahi dariyar nan tata ita ce ta riƙe ni a ƙasar nan. Ana haka, yayata ta kira ni ta ce cikin matata ya fito, alhali na fi shekara ba na gida, har a gidan suna ana nuna ta da baki. Da na tambayi matata, ta ce kitse ne, likitanta ya ce yakan taru haka a cikin wasu masu irin lalurarta. Ban ce ƙarya take ba, amma ban ce na yarda ba. Na rage kira. Inna ta tsare ta da tambaya, ta rasa ta cewa, don wanke kanta yana nufin tona asirin da muka rufe tare.

Wani ɗan garinmu mai karatun haɗa magunguna ne ya tabbatar mini da maganarta, bayan na fake da cewa wani abokina nake tambayar wa. Har ya ce akwai allurar da ke sa jiki ya saki wani sinadari mai rage wannan kitsen, sai dai tana da wuyar samu, kuma sai da umarnin likita. Na dinga wucewa ta gaban kantunan magani a unguwar Mirƙab, na kasa shiga, tsoron kada zance ya kai ga kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, a ce ni ne mai cutar. Gasar cin kofin duniya ta ƙarato, aka tura mu filin wasa na Rayyan, aka ce babu hutu, khalas, magana ta ƙare.

Ranar da na kira matata da murnar labarin allurar, ta riga ta koma gidan iyayenta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita ba allura ta nema a wurina ba, so ta yi in ɗaga waya in ce wa Inna na san matata. Ta roƙi takardarta, na ba ta ina kuka.

Har yau ina kewarta, ba na ɓoyewa. 'Yan'uwana da ke ci-rani, idan mace ta ba ka amanar ciwonta, kai kaɗai ne shaidarta a duniya. In ka yi shiru, ba ta da kowa.