Jadawalina da Wankan Jego

Lokacin da na fara rubuta kundin digirina na biyu ina aiki a wata ma'aikata a Doka, kuma ina ɗauke da cikin fari. Fannina shi ne tsara ayyuka, wato yadda ake jera wannan bayan wancan har a kammala a kan kari. Na ce ai abin kunya ne in koyi tsara aikin gwamnati in kasa tsara nawa. Sai na sayi farin kwali na manna a bangon falo, na zana wa kowane aiki sandarsa mai nuna tsawon lokacin da zai ɗauka: karatu, tattara bayanai, rubutu babi-babi, gyaran malami, kare kundi a gaban malamai. Haihuwa ma na ba ta tata sandar, can ƙarshe bayan an gama komai. Maigidana ya tsaya ya ƙare wa kwalin kallo, ya tambaye ni ko an sanar da yaron da ke cikin.

A ƙa'idar da aka koya mana, wasu ayyukan suna da rarar lokaci, ko sun makara ba a fasa komai. Wasu kuwa idan ɗaya ya zame, sauran duk sun bi shi. Na ware rara mai yawa, ina jin kaina gwana. Malamin da ke duba aikina ya tafi Umara da babina na huɗu a jakarsa, rarar ta bi shi. Makaranta ta ɗaga ranar kare kundi. A duk aikin nan yaron ne kaɗai ya riga lokacinsa.

Aka kai ni gidanmu a Kawo wankan jego. Ni ce 'yar fari, don haka Umma ba ta kama sunana, "ke" take ce mini. Ran da na isa ta ɗauke kwamfutata ta kulle a durowa.

"Mai jego ba ta karatu," in ji ta. "Ido ne zai mutu."

Safe da yamma ruwan zafi da ganyen darbejiya, sai kunun kanwa da gasasshen nama. Fita kuwa ba a maganarta sai an yi arba'in.

Ana haka saƙo ya shigo wayata cewa an sa ranar kare kundi, kuma a cikin arba'in ɗin ta faɗo. Wanda bai halarta ba sai baɗi, hutun karatun da ofis ya ba ni kuma ba ya kaiwa baɗi. Na zauna na yi wa Umma bayani dalla-dalla, har da misalai. Ta saurara da kyau, ta ce Allah ya kai mu baɗin. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Ranar da abin ya zo, ta tashe ni wanka tun da asuba. Da na gama ta ajiye kwamfutar a kan gado ba tare da ta dube ni ba.

"Ke, sa hijabi mai kauri. Da safa."

Ta naɗe yaron a shawul ta rungume, muka fito. A ƙofar gida wata maƙwabciya ta tare mu.

"Hajiya, ina za a kai mai jego da sassafe?"

"Asibiti, awon yaro."

Tunda nake ban taɓa jin Umma ta faɗi abin da ba shi ba.

A makaranta ta zauna a benci bakin ƙofa, yaro a cinya, filas ɗin kunu a gefe. Malamai suka yi ta tambaya ina amsawa. Ɗaya daga cikinsu har ya yaba yadda na iya tsara lokacina, na yi masa godiya. Da na fito na ce mata na ci. Ta ce madalla, ta miƙo mini yaro ta ce yunwa yake ji.

A hanyar komawa ta taɓa kafaɗar mai Keke.

"Biya da mu asibiti."

Na ce, "Umma, lafiyarsa ƙalau fa, kuma yau ba ranar awonsa ba ce."

"Na ce wa mutane asibiti za mu."

Muka bi layi muna zufa, ni da hijabi da safa da kundi a hannu, har aka zo kanmu aka ɗora shi a sikeli. Ya ƙaru.