Aljihun da Ya Kalli Ƙasa

Shekara goma sha ɗaya ina gyara wa Gwaggo Ba-Zama kekunan ɗinki, ban taɓa ganin ta zauna ta kai minti biyar ba. Ko shayi a tsaye take kurɓa, tef ɗin awo a wuya, alli a bayan kunne, tana zagaya shago kamar wadda ta ajiye abu ta manta inda ta sa. Daga nan sunan ya bi ta, ita kuma ba ta taɓa musu ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo a bayan wani kantin magani: kekuna shida na takawa, teburin yanka, da kwandon da ake tara aikin ɗalibai. Da idonta ya fara gajiya da ɗinkin kasuwa, sai ta buɗe aji ranar Asabar, iyaye da 'ya'yansu. Dokarta ɗaya ce. Keke ɗaya, mutum biyu: babba ya taka, ƙarami ya riƙe yadi. Hannun babba a kan gwiwarsa zai tsaya, ko da layin ɗinki ya kama hanyar daji.

"Malam, ɗauke hannunka!" haka za ka ji ta daka wa wani uba tsawa. "Ƙafa na ce ka kawo, ban ce ka kawo hikima ba."

Doka mai kyau. Sai dai ni da nake zuwa bayan an tashi don in sa wa kekuna mai, na san abin da iyayen ba su sani ba. Da an watse, Gwaggo za ta jawo kwandon nan, ta ɗauki reza, ta farke duk layin da ya karkace ta sake shi. Asabar mai zuwa yara su zo suna murna, wai hannunsu ya faɗa. Na sha ce mata wannan ha'inci ne. Sai ta ce in ji da bel ɗin keken da nake gyarawa.

Mutum ɗaya ce ta san wannan hali fiye da ni: 'yarta tilo, wadda take aikin jinya. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta ɗinka wa uwarta riga. Washegari ta ga rigar a jikin Gwaggo, an farke an sake, babu zarenta ko ɗaya a ciki. Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa keke ba. Suna gaisawa, suna ziyara, amma shagon nan ko ƙofarsa ba ta takawa.

Sai ga ta wata Asabar, riƙe da hannun 'yarta mai shekara takwas. Yarinyar ce ta matsa. Ina ƙarƙashin keke na biyar ina ɗaure bel, na ji komai.

"Umma, na kawo ta. Amma wallahi in kika taɓa ɗinkinta, ko da zare ɗaya ne, ba za ki ƙara ganinmu a nan ba. Na san hannunki."

"Ni? Yaushe na taɓa..."

"Umma."

Gwaggo ta hau gyara almakashin da ke zaune lafiya a kan tebur.

Aikin watan farko jakar rataye ce mai aljihu a gaba. Uwa tana takawa fuska a ɗaure, jika tana tura yadi harshe a waje. A mako na uku yarinyar ta ɗora aljihu, ta ɗinke gefe uku tsaf, amma a juye: bakin aljihun yana kallon ƙasa. Uwar ba ta lura ba, rabonta da ɗinki shekara ashirin. Gwaggo kuwa tun daga ƙarshen ɗaki ta hango. Na ga yatsunta suna motsi a jikin zaninta. Jakar ta shiga kwando, aka watse.

Wannan makon Gwaggo ta kira ni sau huɗu. Litinin wai keke na biyu yana ƙara, lafiyarsa lau. Talata wai allura tana tsallake. Laraba na same ta da jakar a hannun hagu, reza a hannun dama, tana kai da komo tsakanin tebur da ƙofa.

"Makanike, minti uku ne fa. Da zarenta zan yi, in ɗan karkata layin, wa zai gane?"

"Wadda kika haifa."

"To haka zan bar jikata ta rataya wannan abin kunya a titi? A ce jikar tela ce?"

"Gwaggo, aljihu kike so ko su?"

Ta zage ni, ta ce tsufa ya fara taɓa mini kai. Sannan ta miƙo mini rezar, ta buɗe aljihun tebur ta kwaso sauran fakitin gaba ɗaya, ta ce in tafi da su kada ta ƙara ganina sai Asabar. Alhamis ta sake kira, wai in dawo mata da guda ɗaya za ta fere alli. Na kashe waya. Gaskiya tausayi ta ba ni, don na san ko abinci ba ta ci da daɗi ba.

Asabar na riga kowa zuwa. 'Yar Gwaggo tana shigowa ko gaisuwa ba ta gama ba ta nufi kwando, ta zaro jakar, ta juya cikinta waje. Ta bi layin da ɗan yatsa a hankali, tun daga farko har ƙarshe. Ga kumburi, ga tsallake, ga ƙullin zare. Ba a taɓa ba.

Gwaggo ta karɓi jakar ta rataya, ta ce wa jikarta, "Ƙawata, bari in gwada kayanki." Ta ciro allin bayan kunnenta ta tura a aljihun. Ya faɗo ƙasa ya rabe biyu. Yarinyar ta dubi allin, ta dubi jakar, sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kaka, a juye na sa! Ina abin farkewa?"

Na ciro reza ɗaya daga aljihuna na ba uwar, ta miƙa mata, ta riƙe mata yadin, yarinyar tana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Abin minti uku ya ci rabin awa. Gwaggo tana tsaye a kansu, hannuwa a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya.

Ba tare da ta ɗago ba 'yar Gwaggo ta ce, "Umma, rigar nan da na ɗinka miki, me ya same ta?"

"Wuyan ne ya ɗan karkace."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Da kin bar shi."

"Da na bar shi," in ji Gwaggo.

Ta jawo kujerar da ke gefen kekensu ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan gwiwa. Har aka tashi ba ta miƙe ba.