Ranar da Inna ta kyautar da irinta

Ana sallame sallar asuba muka bar Konni, ni da yayata, a wata tsohuwar motar haya da ƙofarta ba ta buɗuwa sai ta waje. Ƙauyenmu muka nufa, bayan Dogarawa, don mu taho da Inna ta zauna wurinmu. Ita kaɗai ta rage a gidan, ga ciwon gwiwa, kwanaki ma a bakin rijiya ta faɗi. Duk shekara amsarta ɗaya ce: "Sai mun gani."

A Tsarnawa muka karya da ƙosai mai zafi, wanda ya ƙanƙance tun da wake ya yi tsada. Muna ci ƙanenmu da ke koyar da Turanci a Sakkwato ya kira. Ya ce kada mu dawo sai Inna ta ce "definitely". Wai kalma ce da Bature ke faɗa in ya yanke magana, babu shakka, babu komawa baya. Yayata ta ce to ya zo da kansa ya koya mata.

Daga Dogarawa muka bar kwalta muka hau babur. Gonaki duk an share, hadari na haɗowa ta gabas. Na san in Inna ta yi shuka, tahowarta sai kuma baɗi.

Ta tarbe mu da fura mai sanyi. Na kawo maganar, ta ce, "Mi kake sauri, ɗan nan? Sha hurarka." Muka kwana ba e, ba a'a. Raina ya ɓaci, har na fara shirya abin da zan gaya wa malamin Turanci.

Da safe ta sa na sauko mata da zangarniyar geron iri da take ratayewa a rufin ɗaki. Ita ke zaɓensa da hannunta duk kaka, kuma ko a shekarar yunwa ba ta taɓa yarda an daka shi ba. Ta aika aka kira maƙwabciyarta, ta miƙa mata duka.

"Amshi, ki shibka bana. Kar ki bari shi ɓace."

Maƙwabciyar ta fara share hawaye. Yayata ta tashi ta hau ɗaure kaya ba tare da ta tambayi kowa ba.

Da la'asar muka iso Konni lafiya, Inna a kujerar gaba tana yi wa direba faɗan gudu. Na gode wa Allah ƙwarai da ban matsa mata ba. Na koyi cewa mutanenmu ba da baki suke yanke magana ba.

Ƙanenmu ya sake kira, yana tambaya ko ta faɗi kalmar. Na ce masa ta kyautar da irinta. Ya ce Alhamdulillahi, a ba shi ita su gaisa.