Jaridar Holan da Na Ce Na Karanta

A majalisarmu ta Madabo ni ne mai karanta wa mutane jarida. Aji huɗu na yi a firamare, na ɗan tsinci Turanci a cinikin fatu. Ban taɓa yarda in ce ban iya ba.

Maƙwabcina, wani dattijo mai ɗinkin hula, yana da ɗa a ƙasar Holan. Lokacin ba wayar hannu. Wata rana ɗan ya aiko masa da shadda, da shafin jarida a ninke a ciki. Ga hoton yaron ƙato, a lulluɓe da bargo, 'yan sanda biyu a gefensa. Dattijon ya miƙo mini a gaban jama'a.

"Malam, duba mana. Me suka ce a kan yaron nan?"

Baƙaƙen irin namu ne, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Na gyara tabarau, na motsa baki, na ce kama shi aka yi.

Dattijon ya karɓi shafin ya tafi gida. Ya daina zuwa majalisa, ya mayar da shaddar cikin adaka. Bayan mako uku matata ta jiyo a gidansa cewa ya yi niyyar aika wa ɗan cewa ya sallama shi, babu shi babu shi.

Bayan La'asar na same shi a zaure, na ce, "Alhaji, ƙarya na yi maka. Hoto na kalla."

Washegari muka je wajen wani Baturen Holan mai sayen fatu. Yana ganin shafin ya yi dariya. Ya ce tsohuwar jarida ce, tun zamanin kakansa ake buga ta kullum, ita direbobi da leburori ke karantawa a jirgin ƙasa da safe. Ya fassara da Hausarsa mai gargada: wata tsohuwa ce ta faɗa ruwa da kekenta, yaron ya yi tsalle ya ciro ta. Bargon na sanyi ne.

Na zauna a kan ƙullin fatu ina ta hamdala.

A hanya dattijon ya ce, "Kai da tabaranka, Allah ya shirye ku."

"Amin. Ka yafe mini?"

"Sai ka rubuta masa wasiƙa tukuna, ka ce na sa masa albarka. Kuma wani zan ba ya karanta mini kafin a rufe."