Shafin da Ya Rage a Littafin Yaƙin Fleurus

Shekarun baya, ranar Asabar ta biyu a watan Maris na 2011, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, muna zaune mu uku a falon abokina da ke Wheaton, a jihar Maryland kusa da Washington: ni, da shi, da maiɗakinsa tana zuba mana shayi.

Abokina mutumin Damagaram ne. A Nijar malamin tarihi ne. A nan tasi yake tuƙawa. Shekara uku muka yi muna rubuta ɗan littafi da Hausa a kan yaƙin Fleurus, inda sojojin juyin juya halin Faransa suka gwabza da na Ostiriya a 1794. Shi yake karanta littattafan Faransanci ya fassara mini da baki, ni kuwa in tsara jimloli. Burinsa ɗaya ne: 'ya'yansa biyu, waɗanda in ya yi musu Hausa suke amsawa da Turanci, su ga sunansa a bangon littafi, su san ubansu ba direba kaɗai ba ne.

Shafi ɗaya ya rage. A ranar yaƙin, Faransawa sun ɗaga ƙaton balan-balan ɗaure da igiya, da mutane a ciki suna hango rundunar Ostiriya, suna aiko da takardu ƙasa. Wasu marubuta sun ce takardun sun taimaka wajen nasara. Wasu sun ce kwamandan bai ko kula su ba.

Abokina, wanda ciwon hanta ya riga ya rame da shi, ya ce, "Malam, rubuta cewa masana sun saɓa, mu kai a buga."

Na ce, "Ba a miƙa aiki da rami a tsakiyarsa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Nan ba lakwal ba ce, ba makaranta muke ba, babu mai bin mu da jan biro. Su Ostiriyan ma da suka ga abin ya gagara janyewa suka yi. Kai kaɗai ka rage a filin daga."

Maiɗakinsa ta ajiye buta, ta dube ni ta ce, "Baba, likita fa watanni ya ce. Bai ce shekaru ba."

Na ji ta sarai. Amma a makarantar mishan da na yi, ɗigon tawada ɗaya ya isa a yage shafi, kuma wanda ya ce "ban sani ba" a tsaye yake wuni. Na nemi mako shida.

Kullum sai in shiga jirgin ƙasa daga Springfield, inda nake zaune, zuwa babban ɗakin karatu a Washington. Ku dube ni: tsoho mai shekara saba'in da huɗu, da rula a hannu, yana kwafar harshen da ba ya ji, harafi bayan harafi. Ina kai masa, yana fassarawa a kwance. A mako na biyar takardar ta fara zamewa daga hannunsa. A na bakwai bai gane ni ba. Ya rasu a ƙarshen Mayu.

A zaman makoki na miƙa wa babban ɗansa takardun littafin. Ya juya su a hankali, ya yi godiya da Turanci, ya tambaye ni ko na mene ne. Ashe uban bai taɓa faɗa musu ba. So yake sai an buga ya ba su mamaki. Yaron ya mayar mini, ya ce ba ya iya karanta Hausa, kada su lalace a wurinsa.

Jimlar da abokina ya ce in rubuta, na rubuta ta bayan sadakar bakwai. Ba ta ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma ita ce gaskiyar magana, domin har yau ban sami wata amsar ba. Na daɗe ina ɗaukar taurin kaina a matsayin riƙon amana. Yanzu na san tsoron malaminmu na mishan da ya mutu tun tuni ne ya sa na hana mai rai abinsa. Sanin bai amfane ni da komai ba, shi ma bai amfane shi ba.

Maiɗakinsa ta koma Damagaram. Yaran sun bar Maryland. Ba a buga littafin ba.